Ku Tambayi Malama: "Haƙori Na" In Ji Kaka, Jikin Yaro Kuma Kamar Garwashi

Jama'a assalamu alaikum, ya damina ya ruwa. Tun da watan Agusta ya kama wayata ba ta huta ba, in na buɗe saƙo goma to takwas maganar masassara ce, zazzaɓin cizon sauro in ji 'yan rediyo, maleriya in ji 'yan boko, duk dai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Na tsinci bakwai a ciki, na datse masu tsawo, na cire sunaye kamar yadda muka saba. Wanda bai ga nashi ba ya yi haƙuri ya leƙa na maƙwabcinshi, wataƙila amsarshi na nan.

TAMBAYA: Malama ina wuni, ya aiki. Ɗana shekara guda da wata huɗu, jikinai ya yi zahi rau ba ya cin komi sai nono. Uwar mijina tac ce haƙori na, kowane yaro haka shika yi, mu bari. Da nig ga abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai na aika kemis anka kawo min magani mai ƙwaya shidda, na ba shi biyu sai ya miƙe yana wasa, na aje huɗu saboda yayanshi ko da shi ma ta kama shi. Yanzu kwana goma zahin ya dawo ya hi na da. Maganin na ba ya da kyau ko mi?
Uwar ɗiya huɗu, Mabera.

AMSA: Wannan baiwar Allah ban jira fitowar mujalla ba, a take na kira ta na ce ta saɓi yaron ta kai shi asibitin unguwa a tsaga yatsa. An gwada, maleriya ce, an sake mishi magani daga farko, yanzu alhamdulillahi yana can yana ɓarna. Na sako saƙon ne saboda abin da ta yi kusan kowane gida ana yinshi, har da nawa kafin in shiga aikin nan.

Uwar ɗiya, in dai na ƙwarai aka ba ki to magani bai da laifi, ke ce kika kashe maciji ba ki sare kai ba. Ga yadda abin yake. Ba kowane sauro ke kawo ta ba, macen wani iri ce da ake ce wa anofilis, ita ke neman jini don ƙwanta ya nuna. In ta ciji mai ciwon ta kwaso ƙwayar cutar, bayan kwana goma ko fiye ta ciji ɗanki ta zuba mishi. Ƙwayar ba ta tsayawa a jini nan take, hanta take wucewa ta laɓe wajen mako guda tana hayayyafa, yaro na wasanshi ke ba ki san wainar da ake toyawa ba. Daga nan su fantsamo su shiga jajayen ƙwayoyin jini, su ci su ƙoshi su fasa su, su faɗa wasu. Wannan fashewar ita ce sanyin da ke kaɗa shi, sai zafi, sai zufa, sai ya ɗan ware ki ce ai ya warke, jibi ta dawo. Kuma ita ce ke shanye mishi jini.

Shi wancan mai ƙwaya shida, irin su Coartem da Lonart da Amatem, duk abu guda ne sunan kamfani ya bambanta, magani biyu aka haɗa a ƙwaya ɗaya. Ɗaya mai zafin nama ne, shi ke sauke zafin cikin kwana guda har ki ga yaro ya nemi abinci, amma ba ya daɗewa a jiki. Na biyun mai nawa ne, shi ke bin baya yana tsince ragowa, kuma ba ya taruwa ya yi ƙarfi sai an shanye duka shidan. Ga yadda ake sha: na farko, bayan awa 8 na biyu, sannan safe da dare har kwana biyu, a bi da nono ko madara ko abinci mai maiƙo don jiki ya fi karɓa. Da nauyi ake ba da shi, yaron da bai kai kilo 15 ba ƙwaya ɗaya kowane sha, daga 15 zuwa ƙasa da 25 bibbiyu. Kin ga ke nan huɗun da kika ɓoye wa yayanshi ko rabin nashi ba su kai ba, kin tauye ƙarami ba ki tsinana wa babba komai ba. Na san ba mugunta ba ce, tsada ce, kowa na lissafin gobe, amma wannan tattalin sau biyu yake sa a biya.

Manyan cikinku sun tuna kulorokwin, mai ɗacin nan mai sa ƙaiƙayi, da a da ƙwaya kaɗan ke tada mutum. Cutar ta saba da shi har ya koma kamar an sha ruwa, dole Najeriya ta ajiye shi a 2005 ta koma wannan na yanzu. Shi ma an fara ganin alamar cutar na yi mishi taurin kai a Ruwanda da Yuganda, kuma shan rabi da rabi na cikin abin da ke koya mata.

Sai maganar haƙori. Haƙori na sa yawu, yana sa rigima da tauna duk abin da aka samu, jiki na iya yin ɗumi kaɗan, amma zafin da za ki ɗora hannu ki janye ba na haƙori ba ne. Abin da ke rikita mu shi ne watannin fitar haƙori su ne daidai lokacin da kariyar da jariri ya fito da ita daga cikin uwa take ƙarewa, sai abu biyun su haɗu a ce wancan ya kawo wannan. Akwai daren da har gobe ban manta ba, ina aikin kwana a wani asibiti, wajen ƙarfe biyu aka shigo da yarinya 'yar shekara biyu naɗe a zane, idanu sun kafe sama, an tura mata cokali a baki har dasashi ya fashe, an goga mata albasa a ido, tafin ƙafa ya tashi don an kara shi a garwashi wai ta farfaɗo. Na buɗe tafin hannunta fari fat kamar takarda. Uban ya fita da gudu cikin ruwa yana buga ƙofofin 'yan uwa neman wanda zai ba da jini, kakar na rakuɓe jikin bango ba abin da take maimaitawa sai "ni nic ce haƙori na, ni nic ce haƙori na". Kwana huɗu yarinyar ta yi da zafi a gida. Ta rayu, da allurai da ledar jini, amma akuyar uwar ce ta tafi a kan abin da gwajin minti 15 zai tare tun ranar farko.

To don Allah zafi in ya kwana ɗaya a jikin yaro a je a gwada, kar ya kwana biyu. In kuwa ya fara jijjiga, ko ya kasa kama nono, ko duk abin da ya shiga sai ya dawo, ko barcinshi ya yi nauyi ana tada shi ba ya tashi, ko numfashi sama-sama, ko tafin hannu da cikin ido sun yi fari, ko fitsari ya koma kalar shayi, wannan ba na kemis ba ne kuma ba na jiran gari ya waye ba ne, allura yake so a asibiti. Mai jijjiga a kwantar da shi ta gefe, a cire mishi kaya masu nauyi, kar a sa komai a bakinshi, ba cokali ba ruwa ba rubutu, sai ya dawo hayyacinshi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 597,000 wannan ciwo ya kashe a 2023, kusan kashi ɗaya bisa uku a Najeriya, kuma mafi yawansu yaran da ba su kai shekara biyar ba, irin naki ke nan.

Ita kuma Inna kar ki yi musu da ita, ba za ki ci riba ba, ta raini goma kafin a haife ki. Ki ce Inna taho ki raka ni a duba, in haƙori ne mu dawo gida. In ta ga layi biyu ya fito a kan abin gwajin da idonta, gobe ita za ta riƙa korarki asibiti.

TAMBAYA: Malama ranki shi daɗe. Ni manomi na, shinkahwa da albasa nika yi nan hwadamar Wurno. An raba muna gidan sabro munka samu biyar, amma gaskiya ba mu kwana ciki. Zahi gare shi, kuma ran da uwargida ta gwada huskarta tay yi ta raɗaɗi, mutane sunka ce wai maganin hana haihuwa anka sa ciki. Biyu na ruhe irin albasa da su saboda kaji, ukku na nan cikin leda. Mu dai hiya-hiya muka yayyahwawa mu ƙulle ɗaki. Amma ɗiyan kullum cikin masassara, har da rani. Mi za mu yi?
Wani magidanci, Wurno.

AMSA: Maigida sannu da ƙoƙari, albasarka dai ta samu gata, Allah Ya sa ta yi kuɗi. Na gode da ka faɗi gaskiya, da yawa in an tambaye su sai su ce muna kwana ciki, alhali gidan sauron na ƙasan akwati ko an ɗaure harawa da shi.

Cewa har da rani kuna fama ban yi mamaki ba. Mu a cikin gari in ruwa ya ɗauke sauro na raguwa, ku kuwa da ke bakin gulbin Rima, ga ruwan madatsar Goronyo ana noman rani da shi, sauronku ba ya hutu. Kuma bari in gaya maka abin da mutane da yawa ba su sani ba, sauron maleriya ba baƙar kwata mai wari ya fi so ba. Wancan mai waƙa a kunne yana hana barci shi ne ɗan kwata. Mai kisan ya fi son ruwa mai ɗan tsabta da ke kwance rana na dukanshi, fadamar shinkafa, ramin da aka ɗebi ƙasar gini, sawun kofaton shanu, sawun tayar mota, kuma a zafin nan namu cikin kwana goma ƙwai ya zama sauro mai tashi. Ramin bayan gida ka iya cike shi da ƙasa, randa da duro a rufe, tsohuwar taya a kife. Amma fadamar Wurno ba mai iya busar da ita, ba ma wanda yake so, abincinmu ke nan. Shi ya sa kai ba ka da mafita sai gidan sauron nan da ka tsana.

Raɗaɗin fuskar uwargida gaskiya ne ba ƙarya ta yi ba, kuma na san dalili, daga leda aka ɗaura shi a daren. Akwai maganin kashe sauro a jikin zaren, sabo in an buɗe sai a shanya shi a inuwa, inuwa fa ba rana ba, ya sha iska awa 24 kafin a kwana ciki. In an yi haka da wuya ka ji komai. Batun hana haihuwa kuma, ni dai na fi shekara ashirin ina kwana a ciki, na haifi shida, in da yana hanawa da na huta tuntuni. Maleriyar ce ma ke ɓarar da ciki, duba amsar amarya a ƙasa.

Zafi kuwa ba zan yi maka gardama ba, kowa ya san Sakkwato a watan huɗu da biyar, ko zane mutum ba ya son ya taɓa shi. Amma ai kwanan waje ake yi, kuma ba a ce sai a ɗaki ake ɗaura shi ba. Gwangwani huɗu ka cika da yashi, ka kafa sanda a kowane, ko ka ɗaure igiya daga dogon yaro zuwa ƙusar bango, a cusa bakin a ƙarƙashin tabarma ko katifa ta ko'ina, iska na shiga sauro na kallo. Sannan watannin da ciwon ya fi tsanani, Agusta zuwa Oktoba, dare ai da sanyi-sanyi, uzurin zafi bai da ƙarfi a nan.

Wani wuri da ake yin asara, ko a gidajen da ke ɗaurawa, shi ne hirar dare. Yara su yi barci a tabarma tsakar gida tun bayan isha'i, manya na hira ana sauraren rediyo, sai sha ɗaya a kwashe su a kai gidan sauro, to ai an riga an gama da su. Wanda ya fara gyangyaɗi a ɗauke shi a sa ciki. In ya yi datti a wanke da sabulun wanka a hankali, ba Omo ba bilic, a shanya a inuwa. Wajen wanki 20 yake ɗauka, shekara uku ke nan in an kula, in ya huje zare da allura.

Fiya-fiya kuwa ina roƙonka ka fitar da shi daga ɗakin kwana yau ɗin nan. Maganin ƙwarin gona ne ake ɗurawa a kwalba ba suna ba awo, ka san shi ka san ƙarfinshi tunda manomi ne kai. An sha samun iyali sun fesa sun kulle ɗaki an wayi gari ana salati, kuma yaro in ya ga kwalba a ƙasan gado ɗaga kai kawai yake yi. Saboda haɗarin irin wannan guba ne hukumar NAFDAC ta hana sayar da maganin ƙwarin nan Sniper barkatai a kasuwa a 2019. Maganin sauro na kunnawa yana ɗan korewa, amma kafin asuba ya mutu, ga hayaƙi ga tari ga gobara in ya taɓa katifa. Ukun da ke cikin leda a fito da su, na albasa kuma a bar mata, rana ta riga ta cinye maganin.

TAMBAYA: Anti dan Allah cikina na fari ne wata biyar, naje awo aka bani ƙwaya uku farare akace in shanye a gaban nas. Na saka a baki na fito na tofar, saboda ƙawata tace yana zubar da ciki, kuma ni lafiyata ƙalau ba zazzaɓi ba komai. Nayi kuskure?
Amarya, Gidan Igwai.

AMSA: Kin yi ƙanwata, amma mai gyaruwa ne. Wannan ƙwaya ukun Fansidar ce, ba don kina ciwo ake ba ki ba. Mai ciki, balle cikin fari, ƙwayar maleriya na iya tarewa a mabiyiya, wurin da ɗanki ke samun abinci da iska, ke kina yawonki ba zafi ba ciwon kai, har a tsaga yatsa a ce ba komai. Tana can tana tare wa yaro hanya tana shan jininki. Ƙarshenta a haifi ɗan mitsitsi kamar ɗan tsako, ko bakwaini, ko ɓari, ke kuma ki zo naƙuda ba jini, kuma mun san abin da zubar jini ke yi wa macen da dama nata bai cika ba.

Maganar ƙawarki akwai ɗan tushe sai dai ta ji ƙarshe ba ta ji farko ba. Ba a ba da ita a wata ukun farko, shi ya sa ake jira sai ciki ya kai mako 13. Daga nan duk wata sau ɗaya har haihuwa, a ƙalla sau uku. Ke da wata biyar ai kin wuce wurin. In Septrin ya taɓa fesa miki ƙuraje ko ya sale miki baki, wannan ki faɗa, dangi ɗaya ne ba za a ba ki ba. In ba haka ba ki koma ki gaya wa nas gaskiya kin tofar, za ta yi faɗa, ki shanye faɗan ki shanye ƙwayar. Kuma cikin kayan gadon nan da aka jera miki a samar wa gidan sauro wuri, ba ya rage wa ɗaki kyau.

TAMBAYA: Malama ni ɗalibi ne a Ɗanfodiyo, kusan kowane wata sai nayi maleriya da taifod, ana min allurai da ƙarin ruwa amma sai ta dawo.

AMSA: Ɗana ina shakkar wannan tagwayen. "Maleriya da taifod" ta zama waƙa a bakin wasu ɗakunan gwaji, gwajin taifod na Widal da ake dogaro da shi yakan nuna akwai ko ga mai lafiya garau, na gaskiya sai an ɗebi jini an ajiye kwanaki an ga ko ƙwayar ta tsiro. Shi ma gwajin yatsa yakan ci gaba da nuna layi biyu makonni bayan mutum ya warke, sai a sake loda mishi magani a banza. Ba kowane ciwon kai da kasala ne maleriya ba, rashin barci, yunwa, rashin shan ruwa a ranar nan tamu, ciwon mafitsara, duk suna yin haka. Ga asibitin koyarwa na jami'arku, ka je ka ga likita ya duba ka daga sama har ƙasa, ka huta da ƙarin ruwan ɗakin kwanan ɗalibai.

TAMBAYA: Malama wanga magani da 'yan mata ka bi gida-gida suna ba ɗiya duk wata da damina, ni na hana a gidana. In yaro ba lahiya munka tai asibiti sai mun sayi komi, amma mai lahiya a biyo shi hag gida kyauta? Akwai lauje cikin naɗi.
Baban yara, Gwadabawa.

AMSA: Baba tambayarka tana kan hanya, kuma ni ma abin na ci min rai, a ce mara lafiya ya zo a miƙa mishi takarda ya je ya sayo. Wannan gyara ne da ya kamata hukuma ta yi, ba zan kare kowa ba. Amma kar fushin wancan ya sa ka hana ɗiyanka wannan.

Ba sabon abu ba ne kuma ba a kanmu aka fara ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi tun 2012 saboda ƙasashen bakin hamada irin namu, Nijar da Mali da Burkina Faso da Chadi duk ana yi, nan Sakkwato tun 2015 ake bayarwa. Dabarar ita ce mu maleriyarmu a dunƙule take zuwa cikin wata huɗu, to in aka sa magani ya zauna a jinin yaro tsawon watannin nan, ko sauro ya cije shi ƙwayar za ta tarar da mai gida a tsaye. Gwaje-gwajen da aka yi sun nuna yana rage kamuwa da wajen kashi 75 cikin 100. Ƙwayar ba ta da tsada, ledar jini da kwanciyar asibiti su ne masu tsada, lissafin ke nan ba wani lauje.

Na yara ne daga wata 3 zuwa wata 59, daga Yuli zuwa Oktoba. Inda ake kuskure, ranar farko ce kawai masu rabon ke bayarwa da hannunsu, su bar wa uwa na rana ta biyu da ta uku, sai a sa a saman ƙofa a manta. In ba a cika ukun ba kariyar ba ta kai wata. Yaro in ya amayar kafin rabin awa a sake ba shi. Mai zazzaɓi a ranar ba a ba shi, gwaji za a tura shi, haka wanda ke shan Septrin.

Tunda muna kan maganar, allurar rigakafin maleriya ma ta shigo ƙasar nan, R21 sunanta, an fara a Disamba 2024 da Bayelsa da maƙwabtanmu Kabi. Ba son kai aka yi ba, binciken ƙasa na 2021 ya samu kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran Kabi da ƙwayar a jini, alhali ƙasa baki ɗaya 22 ne, mu ma nan mun haura 30. Sau huɗu ake yi, wata 5, 6, 7 sai 15. Ku riƙa tambaya a wurin rigakafin unguwarku. Ko an yi ta ba a naɗe gidan sauro, ragewa take yi ba ta toshewa gaba ɗaya.

TAMBAYA: 'Yata mu tun kakanni tazargade da siracen dogon yaro munka sani, kuma an ce maganin asibitin ma daga tazargade anka yi shi. To mi ya hana mu sha namu?
Hajiya, Bodinga.

AMSA: Hajiya ina gaisuwa, kuma wanda ya gaya miki bai yi nisa da gaskiya ba. Daga wani ganye dangin tazargade wata masaniya 'yar Chaina, Tu Youyou, ta tace sinadarin a shekarun 1970, har aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Bambancin shi ne awo. A ƙwaya an san nawa ke ciki kuma an haɗa shi da abokin aiki, a tukunya kuwa ba wanda ya sani, yau ya yi kauri gobe salala, ya isa ya kwantar da zafi bai isa ya kashe cutar ba, sai mu koma labarin uwar ɗiyan Mabera. Ke babba in kin yi siracenki kin ji daɗin jiki ban hana ba, bayan an gwada an sha magani. Amma jikoki a bar su, ɗurar jiƙo na wahalar da hanta da ƙodar jariri, kuma na ga yaron da tukunyar sirace ta kife a cinyarshi.

TAMBAYA: Malama 'yan uwan mijina sun gudo daga wajen Sabon Birni saboda 'yan bindiga, yanzu mu goma sha huɗu ne a ɗaki biyu da rumfa, gidan sauro biyu gare mu. Akwai mai ciki, akwai ƙanana biyar. Ya zan raba?
Wata uwargida, Runjin Sambo.

AMSA: Allah Ya saka miki da alheri, Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Ɗaya na mai ciki ne ita da mafi ƙanƙanta, ɗayan a shimfiɗa tabarma babba a jera sauran huɗun a tsakiya, kar jikin kowa ya jingina da ragar don ta nan sauro ke cizo. Manya su sa dogon hannu su rufa, a rufe tagogi tun magariba. Ki kai mai cikin awo cikin makon nan ko da ba ta zo da kati ba, sau da yawa ana ba da gidan sauro a wurin awo da wurin rigakafin yara, ki buɗe baki ki tambaya, in an samu kun zama da uku. Masu rabon maganin wata-wata in sun zo ki ce musu an ƙaru, a rubuta baƙin a ba su kati, ba sai ɗan unguwa ba. Kuma ki duba tafin hannun yaran nan biyar da cikin idonsu yau, waɗanda suka yi kwanaki a daji suna gudu da wuya a rasa mai ƙarancin jini a ciki.

Saƙonnin ciwon ido da na amai da gudawa na gansu, sai fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.